Bip Biyu Daga Madekali

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Inna, kuma har yau in salula ta yi ƙara sau biyu ta tsinke, sai in aje abin da nake yi in ruga in duba. Ban yi niyyar rubuta komi bana ba. Wata takarda ce ta tsokano ni, wadda aka aje mini bisa tebur a asibitin da nake aiki. Wai daga wata mai kamawa, duk ɗalibin likita da ya zo sitaj, wato koyon aiki gaban marasa lafiya, zai bar salularsa wurin majo, babban mai jinya, kafin ya shiga. Ni ke kula da ɗaliban, don haka hannuna ake jira.

Inna ba ta yi boko ba. Shinkafa take turarawa a Madekali, ta ɗoro buhu bisa kabu-kabu ta kawo kasuwar Malanbil. Da na tafi kudu karatun likita, ƙanenta ya ba ta tsohuwar salula, ya nuna mata maɓalli guda. Ba ta kira, bipawa take, kamar kowa a garinmu: ka bari ta yi ƙara ka kashe. Muka yi yarjejeniya ni da ita. Bip ɗaya, muna lafiya. Bip biyu, Ramatu kira ni.

To, asibitin da na yi sitaj yana da wasu 'yan na'urori da ake maƙala wa ɗalibi mai gadi, wato wanda ke bakin aiki, a ƙugu. In ana nemanka sai ta yi tsuwa. Ita ma bip ake ce mata. Da na zo hutun Salla, kai ya kumbura, na zauna tsakar gida ina cika baki. Na ce mata, "Inna, mu can in bip ya yi ƙara, ko tuwo ke bakinka sai ka aje ka ruga." Ta yi dariya ta ce, "Ashe kin zama babbar mutum, ɗiyata." Ban tsaya na ce mata wancan bip daban, nata daban ba. Wallahi ko a raina bai zo ba.

Abin da ban faɗa mata ba kuma shi ne kwalin. Wata rana salular wani ɗalibi ta saki kiɗa ana tsakiyar zagayen safe na duba marasa lafiya, babban malaminmu ya harzuƙa. Tun daga ranar, kowa ya jefa tasa cikin wani kwalin sabulu a ofishin majo, sai an gama a ɗauka. Mu talatin aka hukunta saboda sakarcin mutum guda, kuma ba wanda ya isa ya ce uffan.

Ranar da abin ya faru, Gwaggo Hajo, maƙwabciyarmu, ita ta ba ni labari daga baya. Da hantsi Inna na bakin tukunya ƙirjinta ya ɗaure, gumi ya jiƙe ta. Gwaggo ta ce a kira mai babur a tafi Malanbil. Inna ta ce, "A'a, ku dakata. Na bipa ma Ramatu sau biyu. Ta ce in bip ya yi ƙara gudu take. Ita za ta hwaɗa muna abin yi." Suka shimfiɗa mata tabarma, ta riƙe salular a hannu tana jira. Ni kuwa ina can ina bin bayan malam da littafi, ina rubuta alamomin ciwon zuciya na mahaifiyar wani.

Sai bayan azahar na buɗe kwalin, na ga bip biyu na Inna. Da na kira, Gwaggo ce ta ɗauka, suna bisa hanya, kuma ba su kai ba Inna ta cika. Ajali ne, na sani, an kuma faɗa mini har na gaji da ji. Amma kalma huɗu kawai nake da ita in ba su: ku tafi asibiti yanzu. Tun hantsi take bakina, an kulle ta cikin kwalin sabulu.

Ba wai ɗaliban yanzu ba su ƙona mini rai ba. Na kama wadda ke kallon bidiyo ana wanke wa tsoho rauni, na kuma wanke ta tas. Da Inna na raye ta ga wannan, ita za ta fara cewa a ƙwace. Amma a salular nan suke duba adadin magani, da ita suke kirana in jini ya ɓalle, tunda na'urorin ƙugu sun mutu tuntuni ba a sake su ba. Kowannensu kuma ya baro wata tsohuwa a Gene ko Madekali da ta yarda cewa ɗanta likita ne, zai ji.

Yardar nan ita ce abin da Inna ta bar mini, kuma ta fi ƙarfina. Kwalin na malam ne, cika bakin nawa ne. Allah ya jiƙanta, ya sa ta yafe mini.

Litinin ake son takardar. Ba zan sa hannu ba. In manyan asibiti sun matsa sai an kawo kwali, to a kawo, amma a aje mini kujera kusa da shi. Duk salular da ta yi ƙara biyu ta tsinke, zan shiga har gaban gado in jawo mai ita da hannuna.