Jiƙon Iya a Camberwell

Jiya na buɗe wata tukunya da aka manta da jiƙon tsamiya a ciki. Warin nan ya mayar da ni unguwar Camberwell ta Landan, ina ɗan firamare.

Lokacin kuɗin mai ya shigo, gwamnati na ta turo ma'aikata karatu Landan, har da Baba. Ɗakunan da muka kama a ƙasan bene suke, bango na zufa, ko'ina warin gas da dafaffen kabeji. Umma na da ciki, ba abin da ke zama mata. Tsami take nema, ga shi ba yakuwa. Lemon tsami ma dawowa yake yi.

Kakata ta wajen uwa, da muke kira Iya, ta zo da wuri don wankan jego. Ita ta lura da wata bishiya a bayan gida mai jajayen kawuna kamar zangarniyar dawa, duk gashi. Maƙwabciyarmu Baturkiya ta ce sunanta sumak. Da hannu da ɗan Turancina suka fahimci juna: ja mai gashi da ya dubi sama, a sha, fari mai santsi da ya rataya, ko taɓawa kada a yi.

Iya ta jiƙa su a ruwan sanyi. Da na leƙa kwanon, sai na ja da baya. Gashi na yawo a sama, baƙin hayaƙi ya kwanta a ƙasa, ga ƙananan tsutsotsi suna mutsu-mutsu. Ta tace da kallabinta, ta sake tacewa. Umma ta sha, ta ci tuwon shinkafa, ya zauna.

Ni kuwa ko kofin ba na son gani. Na taɓa jin mai gidan hayarmu ya ce sumak guba ce, sai na kai wa Baba wannan. Zancen ja da fari, wanda da bakina na fassara, na haɗiye shi.

“Iya, nan fa ba ƙauye ba ne,” in ji Baba.

“To ɗan boko, ka ga ta faɗi?”

Bai saurara ba. Ya aro zarto ya yanke bishiyar. Da farin ƙaro ya tsatso daga reshen, ya nuna mata kamar ya kama ɓarawo. Iya ta dube ni ta ce, “Angona, ƙyama ce ta ci ka, ba tsoro ba.”

Amai ya dawo. Kafin sanyi ya kama sosai an kwantar da Umma a asibiti ana ƙara mata ruwa. Ƙanwata ta zo duniya kamar ɗan tsako.

Yanzu a Peckham, nan kusa da Camberwell, yakuwa da zoborodo sai wanda ka zaɓa, mai ciki ta buga waya a kawo mata har ƙofa. Daga baya aka ce mini farin nan mai guba a fadamun Amurka yake fitowa. Ƙanwata ta yi jikoki, amma har yau ita ce ƙarama a jiki cikinmu. In ana tsokanarta da haka a wurin biki, ni ba na dariya.