Wanda Ya Mutu Ya Miƙa

Nerio Urdaneta mai gyaran fanka ne a unguwar Santa Lucía, kuma a zafin birnin Maracaibo mai wannan sana'a ba ya kwana da yunwa, ko da yake ba ya ƙiba. Ya haura arba'in, bai yi aure ba, ya dai kusa sau ɗaya. Yana zaune da mahaifiyarsa, Doña Chinca, wadda ciwon ƙafa ya hana ta ko leƙa ƙofar gida. Saboda ita ne da gari ya watse, kowa ya ɗauki jaka ya tsallake iyaka, shi bai je ko'ina ba.

Ban da fanka, abin da aka san shi da shi gem ne, kuma ba irin na yaran yanzu na cikin waya ba. Wata tsohuwar na'ura ce mai kaset, sai an hura wa kaset ɗin iska, an ɗan mare ta a gefe, kafin ta ga dama ta kawo hoto. Kaset ɗaya suke bugawa tun suna samari, shi da abokansa Eudo da Ender: wani ɗan guntun soja ne ke hawa hasumiya da rai biyar. Allah wadaran wanda ya ƙirƙiro wasan nan! Ba ya ajiye maka inda ka tsaya. Rai ya ƙare, ka koma ƙasa. An ɗauke wuta, ka koma ƙasa. A can sama akwai wata gada da dodo a kanta, kuma tun suna da suma har sanƙo ya fara yi musu sallama ba su taɓa ganin abin da ke bayanta ba.

Dokarsu ɗaya ce: wanda ya mutu ya miƙa rimot ga na damansa, babu roƙo, babu bari in ƙara ɗaya. Duk Lahadi bayan cin rana haka suke jeruwa a gaban talabijin. Nerio gwani ne, Eudo ba laifi, Ender kuwa ba shi rai kamar zuba ruwa ne a kwando. Da soyayyiyar ayaba a hannu yake wasa, ya shafe rimot da mai, ya afka ramin da ko makaho ya haddace, sannan ya rantse maɓallin ne ya maƙale. Su zage shi tas, ya rama, Doña Chinca ta yi musu tsawa daga ɗaki. Amma ko da wasa ba wanda ya taɓa cewa a tsallake shi.

Ender ne ya fara tafiya, yana can Santiago yana wankin mota. Eudo ya bi baya, ya faɗa Lima yana kai wa mutane abinci a babur. Nerio ya ci gaba da kunna na'urar ran Lahadi, don bai san me ake yi da Lahadi ba in ba wannan ba. In sojan ya mutu, sai hannunsa ya miƙe dama da kansa, ya tsaya a iska, ya dawo. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.

Ender ya daina kira tun tuni. Eudo ne kawai yake bugowa da yammacin Lahadi, kuma hirarsu ta ƙanƙance. Nerio bai san Lima ba, Eudo kuma ba ya son jin wa ya rasu, wa ya sake tafiya. Abin da ya rage musu shi ne dodon gada. Eudo ya tambaya ko an wuce, Nerio ya ce ina, Eudo ya yi masa dariya, su yi ta musu a kan laifin wa. Ba don wannan ba, da wayar ba ta wuce gaisuwa.

Wata Lahadi wuta ta yi abin da ba ta saba ba, ta zauna. Nerio ya hau, ya hau, ya iso bakin gada da rai uku a hannu. Ba su taɓa zuwa nan da fiye da ɗaya ba, shi ma yawanci a hannun Ender. Da ran farko ya gane takun dodon, da na biyu ya kayar da shi. Sojan ya tsallaka. Wata 'yar ƙofa ta buɗe, aka ɗan yi kiɗa, sunayen waɗanda suka haɗa wasan suka wuce, sai ga soja ya koma ƙasan hasumiya. Shi ke nan fa.

Ya yi ihu, ya waiwaya dama. Daga ɗaki tsohuwa ta tambaya ko wani abu ne ya ƙone, ya ce babu komai. Ashe wasan bai taɓa fin ƙarfinsu ba, Ender ne yake cinye rayukan. Ya zauna da rimot tsaf babu maiƙo, ya ji da ma a ce har yanzu suna ƙasa su uku suna zage-zage.

Da yamma Eudo ya kira. Nerio ya shirya labarin har da yadda zai ja masa rai. Amma muryar Eudo a gajiye take, ya ce tun safe yake kan babur cikin sanyi, bai ci komai ba. Sannan ya ɗan warware.

"To, gwani, dodonka na nan?" Bai jira amsa ba ya ɗora. "Na yi magana da Ender. Disamba za mu zo, mu uku za mu gama da shi. Kar ka kuskura ka wuce ba mu, mutumina."

Disambar nan an sha faɗinta, Nerio ya sani, Eudo ma ya sani.

"Wucewa kuma?" in ji Nerio. "Yau ma ya wurgo ni ƙasa."

Eudo ya ƙyalƙyale da dariya har da tari, ya kira shi rago, ya ce da tsohuwarsa aka ba rimot ma da ta fi shi. Sun daɗe a waya ranar fiye da kullum.

Tun daga nan, duk Lahadin da wuta ta bari ya iso bakin gada, Nerio sai ya ajiye rimot a cinya, ya bar dodon ya kashe shi, don kada ya sake yi wa abokinsa ƙarya.