Sarpin da Azumin Kwakwa

Ƙanena Sarpin tun yana yaro ba ya zama a ƙasa. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, in tana nemansa ba ta leƙa ɗaki, sama take ɗaga kai. Da ya girma ya gaji sana'ar mahaifinmu, wadda ita ce ta yawancin mazan ƙauyenmu a tuddan Banyumas: hawa bishiyar kwakwa safe da yamma, a yanke bakin furen da lauje, a rataya gorar da ruwan zaƙin zai ɗiga a ciki, a sauko da wadda ta cika. Mu mata mu dafa ruwan har ya yi kauri, mu zuba a ɓawon kwakwa ya daskare ya zama mazarƙwaila. Mijina ma aikin da ya yi ke nan, har ranar da ƙafarsa ta zame da damina. Tun daga nan na koma dafa wa Sarpin, ni da matarsa Turah, murhunmu ɗaya.

Gajere ne, ƙafafunsa sun lanƙwashe daidai jikin bishiya, ko a sahun sallah sai an bar masa ɗan fili. Tsawa ba ta sauko da shi, kunama ba ta sauko da shi. Bakinsa ba ya hutawa, daga can sama yake gaisawa da masu wucewa, ya tambayi mai babur nawa ya sayi taya. Mutum ɗaya ne ba ya yi wa magana, ƙaninmu Dasim, saboda wata bishiya da ta tsaya a kan iyakar gonakinsu, kowa na cewa tasa ce. Kuma tun da aka haife shi bai taɓa taka ƙofar asibiti ba.

Sai annobar korona ta zo. Lasifikar masallaci ta yi ta sanar da rasuwa har muka daina tambayar juna ko an ji sunan. Kowa ya sa takunkumi, Sarpin ma ya sa, amma a haɓa. Da ungozomar ƙauye, wadda muke kira Bu Bidan, ta ce an kawo allurar riga-kafi zauren dagaci, ni da Turah muka je tun ranar farko. Ba abin da ya same mu, sai dai hannun Turah ya yi tsami, washegari ta kasa juya muciya. Sarpin ya tsaya yana kallonta.

"Ke naki ya mutu kina zaune gindin murhu," ya ce. "Ni in nawa ya mutu ina can sama fa?"

Turah ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Ranar da Bu Bidan da dagaci, Pak Lurah, suka bi gida gida neman waɗanda suka rage, Sarpin na jin ƙarar baburansu ya ɗauki lauje ya haye mafi tsawon bishiyoyinsa, alhali rana ta take, ba lokacin hawa ba ne.

"Pak Sarpin, sauko mu gaisa!" in ji Bu Bidan.

"Ai gaisawa muke, Bu Bidan. Ina jin ki sarai."

"Yaushe za ka gama?"

"Furen nan mai taurin kai ne, sai an lallashe shi."

Pak Lurah ya tattare zaninsa ya ce, "Sarpin, in ba ka sauko ba, ni zan hau."

"Bismillah, Pak Lurah. Ka dai bar tumbin a ƙasa, Turah za ta riƙe maka."

Suka sha shayi, suka ci soyayyen rogo, suka gaji suka tafi. Sai da azahar ta kusa fita ya sauko da gudu yana neman ruwan alwala.

Da a nan zancen zai tsaya, ba don 'yarsa Rohyati ba. Ita kaɗai Allah ya ba su. Tana aiki a wani shagon abinci a tsibirin Kalimantan, can ta samu miji, ɗan mutanen Banjar, kuma can za a ɗaura auren, don mahaifiyar yaron ba ta da lafiyar tafiya. Jirgin ruwan da ke tashi daga Semarang kuwa ba ya ɗaukar wanda ba shi da katin allura. Ta bugo waya muna kwashe toka daga murhu, Turah ta buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Bapak, in ba za ka iya ba, kada ka takura kanka," ta ce, da wata murya mai laushi da na san inda ta gado ta. "Lik Dasim yana da kati. Limamin nan ya ce in ka wakilta shi, ƙanin uba ma yana ɗaurawa."

Sarpin ya ajiye gorar da ke hannunsa a hankali.

"Dasim? Dasim zai ba da 'yata? Mutumin da ko iyakar gonarsa bai sani ba?"

Washegari ya yi wanka, ya sa rigarsa ta batik mai zane, ta zuwa biki, da baƙar hula. Ya bi maƙwabta yana neman gafara kamar mai tafiya hajji, ya nuna wa Turah inda yake ɓoye dutsen washi. Ni ya ce in raka shi asibitin gunduma, wai Turah dariya ta yi mata yawa.

A bakin ƙofa maigadi ya ɗaga abin nan na awon zafi, mai kama da bindiga, ya saita masa a goshi. Sarpin ya runtse ido ya yi kalmar shahada da ƙarfi. Abin ya yi ƙara, maigadin ya ce, "Wuce, Pak, ba yau ba ce." A ciki mutane ne zaune nesa da juna, idanu kawai ake gani, ga warin magani. Sarpin ya ja takunkuminsa har kusan gira, ya ƙi jingina da bango, wai nan cutar take kwana. Duk wanda ya yi tari sai ya matsa, har muka kusa fita ta ɗaya ƙofar.

Da layi ya zo kansa, Bu Bidan ce a teburin awo. Ta ɗaura masa abin awon jini a damtse, ta duba, ta sake dubawa.

"Pak Sarpin, jininka ya hau sosai. Yau ba za a yi maka ba. Ka je ka huta, ka dawo."

Ban taɓa ganin mutum ya karɓi labarin ciwo da murna irin haka ba. A hanya har fito yake yi. Sai da muka zo daidai gidan Dasim, muka ga matar Dasim ta fito da baƙar kwat ɗinsa ta biki ta shanya a igiya tana kaɗe ta da tsintsiya. Fiton ya tsaya.

Daga ranar Sarpin ya shiga neman allura da gaske, allura kuma ta shiga gudunsa. Duk ƙauye ya zama likitansa. Wannan ya ce kokwamba, wancan ya ce ɗanyar tafarnuwa, wata ta ce a dafa ganyen seleri. Ya ci kokwamba har na fara jin tausayin gonar maƙwabta. Bu Bidan ta biyo ta gida ta auna shi a kan tabarma, jini lafiya lau kamar na saurayi. Amma allurar yanzu tana cikin firjin asibiti, sai an je can. Muka koma, yana shaƙar warin wurin, jini ya tashi. Muka sake komawa, haka. Ranar tashin jirgi kuma tana matsowa.

"Pak, ba ciwo ne da kai ba," in ji Bu Bidan a zuwanmu na ƙarshe. "Tsoro ne."

"Tsoro? Ni? Ki zo mu hau bishiya ki ga mai tsoro. Iskar hanya ce ta shige ni a kan babur."

Ni ba na gardama da namiji a gaban mutane. Tunda ya ce iska, to iska ce, maganinta kuwa yana cikin jakata. Na ja shi bayan asibitin, kan wani benci a gindin mangwaro, na ce ya tuɓe riga. Na fito da tsohuwar ƙwandalata da kwalbar mai, na shafa masa, na fara kankare bayan daga kafaɗa zuwa ƙasa, layi layi bisa haƙarƙari, yadda mahaifiyarmu take yi mana. Nan da nan masu jiran layi suka leƙo.

"Kai, ja wur! Wannan iskar ta daɗe a ciki."

"Bu, ki bi ta gefen wuya, can take ɓuya."

Sarpin ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka sauka. Can ya saki wata gyatsa da ta sa maigadi ya waiwayo, mutane suka ce alhamdu lillahi. Bu Bidan ta fito da abin awonta, ta ɗaura, ta duba, ta kalle ni ta saman takunkumi.

"Bu Warsinah, kada ki tsaya," ta ce a hankali, ta koma ciki ta fito da 'yar tire.

Na danna ƙwandalar fiye da yadda na saba, Allah ya yafe mini.

"Yu!" ya yi ihu, haka yake kirana, wato Yaya. "Bayan mutum ne fa, ba kwakwa kike kankara ba!"

"Shi ke nan, Pak Sarpin," in ji Bu Bidan, tana manna masa auduga. "Ka zauna ka ɗan huta, za a ba ka katinka."

Ya kalli audugar, ya kalle ta.

"Wannan ce allurar? Sauro ma ya fi wannan aiki. Bu Bidan, anya ta shiga? Ki ƙara mini kaɗan."

Ta ce ba man gyaɗa take sayarwa ba da za ta yi gyara.

A bakin titi akwai wata mata mai sayar da ɗanyar kwakwa, duk wanda ya fito sai ya tsaya ya sha. Ta sare ɗaya ta miƙa wa Sarpin.

"Sha, Pak, tun yanzu. Tana wanke allurar, ba za ka ji komai a jiki ba."

"Tana me?"

"Tana wanke ta. Kowa ya sani."

Ya janye hannunsa kamar ta miƙa masa garwashi. Da muka iso gida ya zaunar da mu ya bayyana abin da ya gano. Allurar 'yar mitsitsiya ce, shi shaida ne. Kwakwa tana wanke ta. A tashar jirgi kuma akwai bindigar goshi, kuma ba wanda zai sa ya yarda zafi kawai take gani. In ta duba ba ta tarar da allura a jikinsa ba, kati ba zai cece shi ba, Dasim kuma kwat ɗinsa a goge take. Turah ta kira Bu Bidan a waya ta yi masa bayani, ya saurara da ladabi, ya ce ai ita ce ma ta ce yana da tsoro.

To a gidanmu me ake ci babu kwakwa? Miyar ganye da madararta ake yi. Tempe, curin waken suyarmu, da manta ake soyawa. Shayi da mazarƙwailarta ake sha. Sarpin ya koma farar shinkafa da gishiri, sai dafaffen rogo. Ko man da Turah ke shafa wa gashi ya ce ta matsa da shi. In zai hau bishiya sai ya ɗaure takunkumi tamau, hanci da baki, kada ruwan furen ya fantsama masa a leɓe. Pak Lurah ya wuce ya gan shi can sama shi kaɗai da takunkumi, ya ce da kowa zai yi koyi da Sarpin da annoba ta ƙare.

Hannun ya yi masa tsami kwana ɗaya, kamar yadda ya ji tsoro. Fure kuwa in an tsallake yankansa, ruwan ja da baya yake yi. Na je na samu Dasim, ban yi dogon zance ba. Da sassafe ya zo da laujensa ya hau bishiyoyin yayansa, ya jera gororin a bakin murhu ya tafi. Sarpin yana zaune a baranda yana kallon wani wuri daban.

Suka tafi Semarang shi da Turah. Bindigar tasha ta yi ƙara, aka ce ya wuce, ya bugo mini waya yana haki: "Yu, ta ga allurar! Tana nan!"

Ranar ɗaurin aure muka taru a barandar Dasim, shi ke riƙe da wayar, Turah tana nuna mana daga can. Na ga ƙanena zaune gaban liman, ya rame, hular ta yi masa yawa. Ya kama hannun angon da wannan hannun nasa mai kanta, ya fara da murya irin ta kiran mai babur daga sama. Da ya zo kan sunan Rohyati sai muryar ta karye, sannan ya ƙarasa. Shaidu suka ce ya ɗauru. Dasim ya juya mana baya da wayar, ya ce sabis ne ba kyau.

Da yamma Turah ta sake kira, tana magana ƙasa ƙasa, dariya na cin ta. An kawo abincin biki, komai da madarar kwakwa, har kayan zaƙin. Sarpin ya tuna akwai bindiga a hanyar dawowa, ya ce a ba shi farar shinkafa da ruwa kawai. Wani dattijo Bajawe, mutumin wajenmu, da ke wurin ya shaida wa dangin ango cewa wannan azumin farin abinci ne irin na mutanen da, uba yana yi don auren 'yarsa ya yi albarka, kuma yanzu masu yinsa sun yi ƙaranci. Nan take aka sake masa wurin zama. Matasa suna zuwa suna sumbatar hannunsa. Mahaifiyar ango, daga kan gadonta, ta aiko da kwalbar ruwa ya yi mata addu'a a ciki.

Sai na ji muryarsa kusa da wayar, yana raɗa.

"Yu, sun kewaye ni. Matar nan da gaske ba ta da lafiya. Me zan karanta?"

"Fatiha, Pin," na ce. "Ka yi ta a hankali, kada ka yi sauri irin na sallarka. Mu ma za mu yi daga nan."

Dasim ya jingina wayar da kofin shayi, muka ɗaga hannu.