Ƙafar Motar da Ta Daina Yin Baƙi

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakkwal, wato makarantar boko, a Buza, na sayi motata ta farko, wata tsohuwa da ta sha duniya kafin ta zo hannuna. Abin da ya ja ni gare ta jantunanta ne, wato ƙarafan ƙafafun, masu ƙyalli kamar sabon kwanon silba. Ni kuwa a lokacin mutum ne mai son a gani. Kowace Juma'a da safe sai in tsuguna da bokiti da sabulu da tsohon buroshin haƙori ina goge su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke ɓata mini rai shi ne wata baƙar ƙura mai maiƙo da ke manne musu, musamman na gaba. Ba jar ƙasar hanya ba ce, daga cikin ƙafar take fitowa. Ka wanke yau, ka gangara duwatsun hanyar Keita sau biyu, sun koma kamar gindin tukunya. Matata har cewa take yi da jantuna na cin tuwo, da su zan fara ba kafin ita.

Ana nan sai kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu a asibiti a Madawa. Shi ne mai wankan gawa na ƙauyenmu tun kafin a haife ni. Mutum ne shiru-shiru mai tsananin tsabta, kuma muna yara ba ma son gaisawa da shi, don hannunsa kullum da sanyi. Ni na ɗauko shi. Muka kwantar da kujerar gaba ta dama, muka shimfiɗa shi cikin tabarma, ƙafafunsa na daidai ƙafar motar ta gaba. Bayan jana'iza na zauna makoki kwana bakwai, motar kuwa na hannun wani abokina, shi ke jigilar masu gaisuwa daga Keita da Tamaske. Washegarin sadakar bakwai ya tafi cirani Abijan kamar yadda ya saba.

Na koma Buza na wanke motata. Da Juma'a ta zagayo na fito da bokitina, sai na tarar ƙafafu uku sun yi baƙi, amma ta gaba ta dama fes take, kamar yanzu wani ya gama goge ta. Na tambayi matata, ta ce ita me ya haɗa ta da ƙafar mota. Juma'a ta gaba ma haka. Na shafa yatsa, ko ɗigo babu. Sai na tuna abin da aka kwantar a gefen nan.

Ba a nan abin ya tsaya ba. A kan hanyar ƙauyenmu akwai wani radiye, inda aka zuba siminti don ruwan kwari ya bi ta kai, dole ka taka birki kafin ka shiga. Daidai nan ƙaramar hanyar maƙabarta take ratsewa hagu. Duk lokacin da na iso wurin, sai in ji sitiyari ya fizge a hannuna zuwa hagu, a hankali, kamar wani ya ɗora hannu a kan nawa.

Na gaya wa mahaifiyata. Ko gezau ba ta yi ba.

"Aikin Yaya na," in ji ta. "Wanda ya yi shekara arba'in shina wankin mutane, don ya wanke ƙahwar motar da ta ɗauko shi, mi na na mamaki? Kak ka taɓa ta. Ka yi mishi sadaka."

Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa yara dalilin saukar ruwan sama, sai ga ni ina rabon masa a ƙofar masallaci, ina turara mota da turaren da wani malami ya ba ni. Garaji kuwa ban je ba. Kunya nake ji. Da wane baki zan ce wa makanike ƙafar motata ta ƙi yin datti?

Bayan wata biyu muka tashi zuwa suna a Keita, ni da mahaifiyata da matata da jaririyarmu. Rana tsaka, muna cikin wata doguwar gangara, sai amalanken jaki cike da mata ya shigo hanya. Na danna birki da dukkan ƙarfina. Motar ta juya hagu gaba ɗaya, ta bar hanya, ta yi ta ja a kan tsakuwa, ta tsaya a bakin kwazazzabo, hancinta na leƙen ƙasa. Ba wanda ya yi ihu, har jaririyar. Cikin shirun nan na ji muryar mahaifiyata daga baya, ƙasa-ƙasa, ba da mu take ba.

"Yaya, ba yau ba. Ka bar mini su."



Aka ja motar zuwa wajen wani tsohon makanike a Keita. Ban ce masa komai ba tukuna, ya zagaya ta sau ɗaya, ya tsaya a kan ƙafar mai ƙyalli, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakkwal a wajenmu.

"Mushe, tun yaushe ƙahwag ga ba ta baƙi?"

Na ce wata biyu. Ya shiga ƙarƙashin motar ya kira ni. Ya nuna mini tiyon man birki na wannan ƙafar, an lanƙwashe shi an daddake da guduma.

"Baƙin da kake wankewa, birki na ke cin kainai in ya kama," in ji shi. "Ƙahwad da ba ta baƙi, ba ta kamawa. Ta hagu ɗai ka riƙo, shi ya sa take jan ka hagu. Wata biyu kana gangara duwatsun ga da iyali haka?"

Na kira abokina a waya, raina a ɓace. Ya yi salati ya ce, "Wallahi tiyon ya hwashe muna bisa hanyar Tamaske, wani mai gyara yad daddake shi don mu samu mu iso. Na zo in hwaɗa maka, na ishe ka bisa tabarma ana yi maka gaisuwa. Ƙaƙa za ni yi maka zancen mota cikin makoki? Nic ce sai bayan bakwai, tahiya ta taso, na mance."

Na buɗe baki zan zazzage masa, sai na kasa. Shi kunyar kwana bakwai ya ji, ni kuwa tawa ta wata biyu ce. Kullum motar tana nuna mini ciwonta a fili, ni ina ɗora wa bawan Allah da ke kwance cikin kabarinsa, wanda bai taɓa cutar ko kaza ba. Wannan ne ya fi yi mini zafi, da kuma sanin cewa da hannuna na zuba uwata da 'yata a ciki.

An sa sabon tiyo, ƙafar ta koma yin baƙi tare da 'yan uwanta. Na yi wa mahaifiyata bayani dalla-dalla, ta saurara, ta ce to. Amma har na sayar da motar bayan shekara uku ba ta sake shiga ba. Duk ranar da na ce in kai ta wani wuri, sai ta ɗauki mayafinta ta ce in bar shi, ƙafarta na son tafiya.