Jan Albasar Aliero

A tashar Jega, Gudiya mai albasa ta kasa ɗauke ido daga wani baƙo mai yatsu duk fenti. Da 'yar bindigar feshi siririya kamar biro yake fesa wata motar katako, tsawon tafin hannu, cike da albasa ƙanana kamar ƙwayar dawa. Ƙila tsohon direba ne, don har tayoyin yake lallaɓawa.

Can ya kashe ƙwan lantarkin rumfarsa, ya jawo teburin bakin inuwa inda rana ke haskowa.

"Hajiya, ara mani albasa guda!"

Ya kara ta da tasa, ya daka tsalle. "Ashe ƙwan ga ƙarya shikai mani! Saura kaɗan in kai ma mai aikin, ɗan Aliero, albasa ruwan ƙasa!"

Ya sake feshi, jan ya fito sak irin na albasarta. Gudiya ta leƙa, har idonta ya soma yaji.