Rabin Allon Yaya

Ɗalibai Mai Alli suke kiranta, don ba ka taɓa ganin hannun rigarta ba fari ba. Malamar fiziks ce a jami'a, 'yar gajeruwa, ga saurin magana, ga rashin haƙuri da mai jinkirin fahimta. Ofis ɗaya suke da yayanta, shi ma malamin fiziks, a ƙarshen baranda kusa da ɗakin ajiye karyayyun kujeru.

Aikinsu ba na ƙwalabe da wayoyi ba ne, lissafi ne zalla. In baƙo ya tambaya, takan ce masa, "Ka ɗauki sarari, wato fili, wanda kake gani kamar ba komai a ciki, ka raba shi biyu. Ɓangarorin nan a sarƙe suke, ba ka sanin ɗaya sarai sai da ɗayan. In komai na kwance, an san yawan sarƙewar. Mu abin da muke nema, in aka zuga filin, aka ƙara masa kuzari, yaya za ta koma?" Yawanci a nan baƙo kan tuna yana da uzuri.

Wata ɗabi'a gare su tun suna matasa. Sukan ja layi a tsakiyar allo, ita ta ɗauki hagu da lissafin filin da ke kwance, shi dama da na zugaggen, su haɗu a tsakiya. Ba ta taɓa koyon hanyarsa ba, shi ma haka. Me ya yi zafi, ga mutum zaune kusa da kai? Shi kuwa Yaya, da ya gama sai ya goge, ya ce ai yana nan a kansa.

Suna gab da kammala babban aikinsu jini ya haura masa, ya faɗi a bakin ofis. Ya rayu, amma ɓarin dama ya mutu, harshe ya yi nauyi.

Daga ranar tsoro ya shige ta. Ta tsaya gaban allo, hagu cike, dama wayam. Ba tsoron aikin kaɗai ba ne. Ita dai so take ta san ko Yaya na nan cikin jikin nan da ke kwance, kuma tana tsoron tambaya. Makonni tana zuwa asibiti, ta gyara masa matashi, ta yi hirar 'ya'ya, ta fito ba ta tambaya ba.

Wata safiya ta daure, ta zo da ƙaramin allo da alli a jaka.

"Yaya, ga naka ɓangaren. Ko layi ɗaya ne."

Ya karɓi allin da hagu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fara ja, a karkace, a hankali. Alamar farko ta fito daidai, ta biyu ma. A ta uku ya sa ragi inda ƙari ya kamata, kuskuren da ɗan aji ɗaya ba zai yi ba. Ya tsaya, ya ɗago ya dube ta. A idonsa ta ga tsoron da ya fi nata, shi ma tambayar nan yake yi wa kansa.

Tunda suke, ba ta taɓa barin kuskurensa ya wuce ba, komai ƙanƙantarsa. Ta riƙe masa gefen allon da ke rawa.

"Daidai ne, Yaya," ta ce. "Ci gaba."