Kwalaben Kawu Sokawe

In ba ya kusa, Kawu Sokawe muke ce masa. Ƙanin mahaifiyata ne, tayil na daɓen ɗaki yake sayarwa. Ranar da ya tare a sabon gidansa bai fara nuna mana falo ba. Sai ya zagaya da mu ta baya, ya hau murfin ramin da ƙazantar banɗaki ke taruwa, yana buga ƙafa a kan siminti.

"Wannan sokawe, in an kula da shi, har jikokina," in ji shi. Ban taɓa jin ya yabi 'ya'yansa haka ba.

Babu tishun da ke shiga gidan sai ta ci jarrabawa. Zai yago kaɗan ya jefa a kwalbar ruwa, ya girgiza, ya ɗaga wajen haske. In ta narke, ta ci. In ta dunƙule, a mayar wa mai shago kayarsa. Wadda ke ci kullum wata siririya ce mai kaushi kamar takardar buhun siminti. Mu dariya muke yi, tunda da buta muka saba.

Sai Kaka, mahaifiyarsu, ta samu shanyewar ɓarin jiki, aka kawo ta gidansa. Kwanciya ta yi mata gyambo. In ruwa ya taɓa wurin sai ta yi ƙara, tishun Kawu kuwa har jini take fitarwa. Matar Kawu, wadda ke jinyarta, ta sayo mai kauri mai laushi ta ɓoye a ƙarƙashin katifa.

Ana nan sai ruwa ya fara dawowa ta masai. Masu gyara suka buɗe bututu, suka zaro tishu dunƙule-dunƙule. Kawu bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya jira sai da matan maƙwabta suka shigo duba Kaka, ina zaune, ya jera kwalabe biyu a bakin gadonta, ɗaya da tishunsa, ɗaya da mai kaurin. Ya girgiza ta farko, ya girgiza ta biyu, ya kai ta daidai fuskarta.

"Inna, kin gani? Wannan taki ce. Ita ta toshe min rami."

Matarsa ta ce, "Baban yara, to sai in riƙa ƙullewa a leda in zubar a shara."

"A gidana? Ƙudaje su cinye mu? Tishu ɗaya ce a gidan nan, kowa ita zai yi amfani da ita."

Kaka, matar da ta wanke masa kashi ba ta taɓa ƙirgawa ba, ta ja mayafi da hannunta mai motsi ta rufe fuska.

"Ka yi haƙuri, ɗan nan. Ba zan ƙara ba."

Na ɗauka maganar kunya ce kawai. Ashe da gaske take. Daga ranar, cokali biyu sai ta kau da kai ta ce ta ƙoshi. Na zauna ina lallashinta, ta kama yatsana.

"Bar ni, 'yar nan. In ban ci ba, ba zan ɓata masa rami ba."

Na je na faɗa wa Kawu. Ya ce rigimar tsufa ce, yunwa za ta koya mata. Mahaifiyata ta nemi a ba ta Kaka, ya ce mutane za su ce ya kasa riƙe uwarsa.

Ba ta daɗe ba ta rasu, mara nauyi kamar ƙaramar yarinya.

Ranar gaisuwa gida ya cika, Kawu sai kai-komo yake tsakanin tabarma da ƙofar banɗaki, yana duba abin da baƙi ke shiga da shi. Na zo wucewa da butoci, na ji yana ba wani abokinsa shawara, kwalba a hannu.

"Ka riƙa gwadawa kafin ka saya. Ni tun da na hana mai kaurin nan, wallahi ko sau ɗaya bai sake toshewa ba."